Jirgin da Na Saukar a Kano Kafin a Ƙera Shi

Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojojin saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Daga Helwan suka taso, kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da ƙasar Chadi ta yanzu, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham na runduna ta 47. Samfurin jiragen kuwa shi ne DH.9A, mai fiffike hawa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Duk wannan na haddace shi sarai a lokacin da aka gayyace ni in yi wa ɗaliban wata makarantar sakandare jawabi kan cika shekara ɗari da wannan sauka. Wurin da na yi tuntuɓe shi ne hoto.

Wani abokina da ke karatu a Ingila ya taɓa aiko mini da hoton da ya ɗauka a wani bikin nunin tsofaffin jirage. Jirgi ne mai fiffike hawa biyu, launin azurfa, ga tambarin sojojin saman Ingila a gefensa, wato da'irar nan mai shuɗi da fari da ja a tsakiya, ga lambar soja an rubuta da baƙi kusa da wutsiya. Da na tambaye shi, ya ce ƙirar de Havilland ne. Na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama: DH ai de Havilland ke nan, jiragen 1925 kuma azurfa ake musu fenti. Na sa aka buga hoton babba, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa irin wannan jirgi ne ya fara sauka a Kano. Yara suka yi ta kallo, malamai suka yaba, ni kuma na koma gida ina jin na yi abin kai.

Wani dattijo ne ya kwance mini zani, amma cikin mutunci. Tsohon makaniken jirgi ne da ya yi ritaya, jikarsa na cikin ɗaliban, ita ta ɗauki hoton allon a waya ta kai masa. Ya aiko aka kira ni. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayar, ya ce, "Malam, ƙirga mini sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa." Na ƙirga, na ce, "Biyu a kowane gefe, Baba." Ya ce, "To na 1925 huɗu gare shi a kowane gefe. Wannan Tiger Moth ne, jirgin koyon tuƙi."

Tiger Moth bai fara tashi ba sai a watan Oktoba na 1931, shekara shida bayan saukar Kano, kuma a shekarar ce sojojin saman Ingila suka ajiye DH.9A daga aiki. Ke nan na saukar da jirgi a Kano tun ba a ƙera shi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne jiragen biyu ba su ma yi kama ba, in har mutum ya ɗauke idonsa daga fenti. DH.9A jirgin yaƙi ne na 1918, mai jefa bama-bamai, faɗin fiffikensa ya kusa mita 14. Injinsa Liberty ne ƙirar Amurka, silinda 12, ƙarfin doki 400, kuma da ruwa ake sanyaya shi, shi ya sa hancinsa yake da faɗi, lagireto ya toshe gaban kaf. A kujerar baya akwai zoben ƙarfe da ake ɗora bindiga. Tiger Moth kuwa faɗin fiffikensa bai kai mita 9 ba. Injinsa Gipsy Major, silinda 4, ƙarfin doki 130, iska ce ke sanyaya shi, kuma a kife aka ɗora shi, silindojin na kallon ƙasa, don haka hancin siriri ne, farfela na can sama. Akwai tankin mai da ya yi tozo a tsakiyar fiffiken sama. Sannan fukafukan sun karkata baya kaɗan, abin da ke da dalilinsa: sojoji sun nemi a tabbatar wanda ke kujerar gaba zai iya fita da laimar dirowa in jirgi ya sami matsala, sai aka matsar da tsakiyar fiffiken sama gaba, aka karkatar da bakinsa baya don kada ma'aunin jirgin ya ɓaci. Fukafukan DH.9A a miƙe suke sambal. Abin da kawai ya haɗa su shi ne lanƙwasar wutsiya irin ta zanen Geoffrey de Havilland, ita ma sai an yi mini uzuri.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya nuna mini cewa fentin da na dogara da shi ma ya ƙaryata ni, ni ne ban iya karanta shi ba. Akwai ɗamara ruwan ɗorawa da ta zagaye jikin jirgin da fukafukansa, wadda alama ce ta jiragen horo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jan ɗigon da ke tsakiyar tambarin babba ne, kashi ɗaya cikin uku na faɗin da'irar, tsarin da aka shigo da shi a 1947. A 1925 ɗigon ƙarami ne, kashi ɗaya cikin biyar. Jiragen wancan zamani kuma ana shafe musu sashen wutsiyar da ke juyawa da ratsi uku a tsaye, shuɗi, fari, ja, alhali na hotona 'yar ƙaramar alama ce gare shi a sashen da ba ya motsi. Ashe mai jirgin ya yi aikinsa tsaf, ya mayar da shi kamar yadda jiragen horo suke wajen 1950. Ni ne na ga azurfa da da'ira na yanke hukunci.

Tun daga ranar na koma bin tsohon jirgi kamar yadda dillalin kirki ke bin doki a kasuwa: a sauke sirdi da kayan ado tukuna, a duba haƙora da ƙafafu. Hanci ne farko, don injin ne ke ba shi siffa. Sai yawan sanduna, da ko fiffike ya karkata ko a miƙe yake, da siffar wutsiya, da yadda ƙafafun sauka suke. Fenti shi ne na ƙarshe, domin shi ne ya fi sauƙin sauyawa. An ƙera Tiger Moth sama da 8,000, kuma da yaƙi ya ƙare aka yi ta sayar da su da araha, wasu suka koma feshin gonaki a Ostireliya da New Zealand, wasu ƙungiyoyin koyon tuƙi suka kwashe. Waɗanda suka rage yau yawancinsu na masu sha'awa ne, sun sha fenti iri-iri, kuma hukumar kula da jiragen farar hula ta Ingila takan ba mai jirgi izinin ya sa alamun soja na tarihi a maimakon lambar rajistarsa. Saboda haka lambar soja a jikin jirgi ba ta nuna yana hannun soja, wani lokaci ma lambar wani jirgin ce aka ara don tunawa da shi.

Masu shirya fim sun daɗe da gane cewa irina muna da yawa. A fim ɗin The Blue Max na 1966 an shafa wa Tiger Moth da Stampe SV.4 alamun Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka cika sararin sama a matsayin jiragen yaƙi. Shi Stampe ɗin, ƙirar Beljiyam, shi ne ya cancanci a rikita shi da Tiger Moth, don girmansu da tsarinsu kusan ɗaya ne. Ana raba su da bakin fiffike, na Stampe ya fi zagaye, da kuma faifan karkatar da jirgi: Stampe yana da shi sama da ƙasa, Tiger Moth a fiffiken ƙasa kaɗai. Da wannan kuskuren na yi, da na sami bakin kare kaina.

Na koma makarantar na nemi a tara yaran, na gaya musu na yi kuskure kuma kakan ɗaya daga cikinsu ne ya gyara mini. Na kai musu hoton DH.9A na ainihi, mai lamba F1010, wanda ke ajiye a gidan tarihin sojojin saman Ingila a Landan. Shi ma sai da na yi masa bayani a ƙasa, domin bai taɓa zuwa Kano ba: Jamusawa suka kama shi a 1918, ya zauna a Balin, daga baya ya faɗa Folan, kafin a mayar da shi Ingila. Fentinsa kuma mai duhu ne irin na fagen daga a Faransa. Na rubuta cewa samfurin ne ɗaya, launin ya bambanta. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na farkon ya fi kyau." Na ce haka ne, sai muka liƙa su gefe da gefe, na sa su ƙirga sandunan da kansu.