Daren da Sabuwar Kwamfutata Ta Ƙi Tashi

A Kano, idan kwamfuta ta yi maka gardama ba ka tsayawa dogon tunani. Ka saka ta a jaka, ka tari A Daidaita Sahu zuwa Beirut Road, ka miƙa wa mai gyara ka zauna a benci. Ni abin ya ma fi mini sauƙi, domin ƙanin mahaifiyata yana da shago a wajen. A hannunsa na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a 2017. Ita ta raka ni digirin farko, ita kuma na shigo da ita Amurka.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10. Tsohuwar tawa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, saboda ba ta da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Dama kuma ta gaji: in na ba ta lissafin bayanan bincikena sai fankarta ta yi ta kuka kamar injin markaɗe. Sai na yanke shawarar haɗa kwamfutar tebur da kaina, tunda sayen kayan ɗaya bayan ɗaya ya fi araha. Kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa daga ɗan alawus ɗina na zuba a ciki. Ranar Juma'a da yamma na baje kwalaye a ɗakina a Silver Spring, ga sukudireba, ga bidiyon YouTube. Ranar Litinin kuma malamina yana jiran babi na uku.

Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Na danna maɓalli, fanka ta juya, tambari ya fito a allo. Saura ɗora Windows. Kuskurena na farko shi ne na kwafi fayil ɗin manhajar na jefa a filas kamar hoton biki. Ashe sai an rubuta shi da manhajar da aka yi don haka, irin su Rufus, a filas ɗin da bai gaza gigabait 8 ba. Na gyara wannan da tsohuwar kwamfutar, na dawo.

Wannan karon komai ya tafi daidai. Na zaɓi yare, na zaɓi ma'ajiya, lambobi suka yi ta hawa har ɗari bisa ɗari. Kwamfutar ta mutu ta sake kunna kanta, sai ga ni a shafin farko ana tambaya ta yare. Na sake yi, aka sake dawo da ni. Sau uku.

A nan hankalina ya tashi. Na shiga BIOS, wato ɗan shirin da ke cikin bod wanda yake tashi kafin kowace manhaja, na fara taɓe-taɓe. Duk abin da na karanta a intanet sai na gwada: na kashe wannan, na kunna wancan, na ƙara wa ram gudu. Ban tsaya nan ba, na buɗe akwatin na zare ram ɗin biyu na sauya musu gurbi. Da na kunna, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ko tambarin da nake gani a da babu. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na zauna a ƙasa ina lissafi. A nan ƙasar kuɗin aikin hannu ba wasa ba ne, kuma ko ka kai gyara ba a ranar za ka karɓa ba. In kuma ni na ƙona wani abu, wa zai biya ni? Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Kunya nake ji, ina karatun digiri na uku amma akwati ya gagare ni.

Ƙarfe huɗu na dare a Maryland, tara ce ta safe a Kano. Na kira Kawu ta bidiyo a WhatsApp, yana cikin buɗe shago. Bayan mun gaisa ya tambayi karatu da sanyi, na juya masa kyamara.

"Me da me kika taɓa?" in ji shi.

"Kawu, wallahi ban san iyakarsu ba."

Ya yi dariya. "To ai shi ne ciwon, 'yar nan. Mai gyara abu ɗaya yake taɓawa, ya kunna ya gani, sannan ya taɓa na biyu. Ɗauko takarda da biro."

Ya ce in haska masa gefen bod ɗin. Akwai wasu 'yan fitilu huɗu a jere waɗanda ban ma lura da su ba, kowace da aikinta: ta farko ta ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta biyu ta ram, ta uku ta hoto, ta huɗu ta tashi. Ta ram ce a kunne. Ya sa na zare wayar wuta, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na ɗan lokaci, don BIOS ta manta duk ɓarnar da na yi mata. Sannan ya ce in saka ram ɗaya tak, a gurbi na biyu daga wajen ƙwaƙwalwar, in danna har sai na ji ƙas. Sai a lokacin na gane ɗazu tsoron karyawa ya hana ni dannawa sosai. Na kunna, ya ce in yi haƙuri, sabon ram yakan ɗauki mintuna a tashin farko. Can sai ga tambari. Na rubuta. Muka ƙara ram na biyu a gurbi na huɗu, ta sake tashi. Na rubuta.

Da muka zo ɗora Windows, lambobi suka cika, allo ya ɗauke, sai ya ce, "Maza zare filas ɗin." Na zare. Kwamfutar ta tashi daga ma'ajiyarta ta ci gaba da aiki. Ashe tun farko babu abin da ya lalace. Filas ɗin ne a sahun gaba a jerin abin da take tashi da shi, shi ya sa duk lokacin da ta sake kunnuwa take komawa kansa. Tun a karon farko aikin ya kusa kammala, ni ce na yi ta rushe shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan ƙa'ida ta Kawu ita nake koya wa ɗalibai 'yan aji ɗaya duk mako: in kana gwaji, abu ɗaya za ka sauya, ka rubuta abin da ya biyo baya. Na san ta a aji, amma da dare ya yi, ga kuɗina a ƙasa, ga Litinin na matsowa, sai na watsar da ita. Zaman ƙasar waje yakan sa mutum ya ɗauka dole komai shi kaɗai zai yi, tambaya kuma gazawa ce. Da na kira shi tun ƙarfe goma sha biyun dare, lokacin da yake tashi sallar asuba, da na yi barcina.

Don haka ɗan'uwa ko 'yar'uwa, in taka ta ƙi tashi, kafin ka taɓa komai duba fitilun bod, tabbatar ram ya zauna, ka kuma tuna da zare filas. In abin ya faskara, duba agogo ka ƙara awa biyar, ko shida in hunturu ne, ka kira gida.

Babin ya isa ga malamina ranar Litinin da yamma. Da na tambayi Kawu kuɗin aiki, cewa ya yi in na tashi zuwa hutu in taho masa da sukudireban nan da ya gani a hannuna.