Fadamun Kafancan: Ruwan Da Ba A Auna Ba

Matafiyin da ya baro Kaduna ya nufi kudu, da zarar ya wuce Zonkwa zai ga ƙasa ta sake kama. Duwatsun Kagoro su tokare gabas, a gindinsu kuwa ga kurmi, ga ƙoramu suna kwarara har cikin rani. Garin Kafancan kansa jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da layin dogo na Fatakwal ya iso a 1927, amma tun kafin a ji kukan jirgi ruwa ne ke riƙe da mutanen wannan yanki.

Damina a nan takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwanta kuwa ya kusa ninka na Kano. Ba duka ne yake wucewa nan take ba. Fadamu su ne ke shanye shi, su riƙe, sa'an nan su riƙa sakinsa sannu a hankali. Shi ya sa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse kusa da Madakiya, ba ta yin shiru ko da bazara. A cikin fadamun nan ake noman gwaza da rake da shinkafa, a gefensu ga tukurwa ga kwakwar manja. Nan ne kuma Fulani ke gangaro da shanu idan tudu ya bushe.

To, a nan gizo ke saƙar. Jama'a ta yi yawa, gonar tudu ta gaji, kowa ya sa ido a kan fadama. Tun da aka kawo shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, injin ban ruwa ya yawaita, aka nome wuraren da a da mashaya ce ko burtali. Rigingimun manoma da makiyaya na Kudancin Kaduna suna da tushe da yawa, amma wanda ya san ƙasar ba zai cire fadama daga cikin lissafi ba. Ga masu gawayi suna cin kurmin bakin rafi, ga masu ɗiban yashi, ga masu haƙar ma'adinai a ƙasar Jama'a suna wanke ƙasa a cikin ƙorama. Maganin ciyawa da ake fesawa a gonakin citta, shi ma ruwan sama a fadama yake sauke shi.

Abin mamaki, Abuja ma tana da rabo a cikin wannan magana, domin daga madatsar Gurara, a nan Jihar Kaduna, ake tura ruwa zuwa madatsar Usuma wadda ke shayar da birnin.

Wanda ke son ganin ƙarshen sakaci ya dubi Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Amma can an yi shekaru ana aune-aune da ƙidayar tsuntsaye, har tafkin Nguru ya shiga jerin wuraren Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Fadamun Kafancan ƙanana ne, a warwatse suke, ba su da girman da zai ja hankalin baƙi, ko da yake masana tsuntsaye sun daɗe da sanin dajin Nindam na kusa da Kagoro.

Aikin farko da ke gaban masu bincike ba mai tsada ba ne: a zana taswirar fadamun, a gwada hotunan tauraron ɗan'adam na bana da na shekarun baya, a ga abin da ya ragu. Sa'an nan a kafa ma'auni a bakin ƙoramu, a riƙa rubuta tsayin ruwa rani da damina, a kuma gwada abin da ke cikinsa. Mafi wuya shi ne sanin mai iko da kowace fadama, da yarjejeniyar da ke tsakanin mai gona da mai shanu. A shekarun 1980 masu binciken dabbobi na ILCA sun zauna a Abet suna rubuta irin wannan zaman. Ya kamata a koma a ga me ya saura. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafancan inda ake koyar da aikin gona da ilmin muhalli, fadamun kuwa ba su fi tafiyar babur daga ƙofarta ba. Dattawan da suka san inda kowane idon ruwa yake a da, da shekarar da ya ƙafe, suna nan a ƙauyuka, amma kullum raguwa suke yi.