Ƙofar da Damina ta Rufe

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna jin labarin gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979 bayan an haɗe dazukan Borgu da Zugurma, har wata shekara cikin watan Agusta muka yi karo-karo mu shida, dukkanmu ƙananan ma'aikata a Abuja, muka ɗauki shatar mota. Muka bi ta Suleja da Bida da Mokwa, ba mu isa Wawa ba sai bayan la'asar.

A bakin daji muka tarar da ƙarfe a gicciye. Wani dattijo mai gadi ya fito ya yi mana barka da hanya, sa'an nan ya ce, "Samari, ai daji ba ya karɓar mota yanzu, sai ruwa ya ɗauke." Muka ce, "Baba, daga Abuja fa muke." Ya yi murmushi ya ce, "Ko daga ina kuke, 'ya'yana, laka ba ta san lambar mota ba."

Da ya ga ranmu ya ɓaci, sai ya zaunar da mu. Ya ce idan taya ta ratsa jar ƙasa tana jiƙe, takan bar kwari, ruwa ya bi kwarin ya yi ta ci, kafin kaka hanya ta zama kwazazzabo. Ga ciyawa ta fi mutum tsawo, ga kogin Oli ya cika ya batse, namun daji kuwa sun watsu domin ko'ina akwai abin sha. Sai rani ya kama suke taruwa a bakin kogi, mai ziyara ya gan su.

Mun juyo muna gunaguni, muna cewa dajin gwamnati ai na kowa ne. Babbanmu ne ya katse mu. Ya ce mahaifinsa direban babbar mota ne a zamanin Turawa, lokacin da ake da hanyoyin rani waɗanda ba a bin su da damina, kuma ko a manyan hanyoyin burji akan gitta shinge bayan ruwan sama har ƙasa ta tsane. Daga baya muka karanta cewa a gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872, akan rufe wa motoci yawancin hanyoyi tun farkon Nuwamba saboda ƙanƙara, ba a fara buɗewa sai tsakiyar Afrilu. Ashe hunturun da ke rufe musu ƙofa, shi ke buɗe mana tamu.

Tun daga ranar muka fara duban Abuja da wani ido. Tsarin birnin na 1979 ya keɓe filaye domin ciyawa da itatuwa, amma mu da kanmu mukan hau su da mota ranar biki, ko ƙasa ta jiƙe ko ta bushe, mu bar sawun taya mu tafi. Manomi yakan bar gonarsa ta huta domin tasa ce. Filin kowa kuwa ba ya samun hutu sai an sa masa ƙarfe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, daga wajejen 2020 'yan bindiga suka samu mafaka a dajin Kainji, masu ziyara suka ɗauke ƙafa. Dattijon nan ya rufe mana ƙofa, amma ya faɗa mana lokacin dawowa, mu ne muka yi ta cewa sai baɗi har dama ta wuce. Rufewar da ta biyo baya ba ta zo da ranar buɗewa ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya nuna mana hunturun da za mu koma Wawa.