Kuɗin Motar Watan Farko: Abin da Na Gano a Landan

A Landan ba a biyan kuɗin bas da tsaba. Tun 2014 aka daina, ko fam dubu ne a aljihunka direba ba zai karɓi sisi ba. Kati ake dangwalawa a kan wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa da ke kusa da shi, ta yi ƙara, ka wuce ka nemi kujera, ko a ƙasa ko a saman bene, don yawancin jajayen motocin nan hawa biyu ne. Babu kwandasta, babu ciniki, babu rigimar canji. A manyan tashoshi akwai allo mai nuna minti nawa ya rage motarka ta iso. In mai keken guragu ne zai shiga, sai motar ta rusuna ta zuro masa gada har bakin titi. Fam 1.75 ake cirewa lokacin da na je, kuma ko sau nawa ka canza bas, muddin awa ɗaya ba ta cika ba, ba a ƙara taɓa katinka. Magajin garin, Sadiq Khan, ya soma wannan tsari a 2016, ya faɗaɗa shi a 2018. Yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga.

Na sauka ne a gidan ɗiyar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya a gabashin birnin. Ƙofa da ƙofa da ita akwai wata baiwar Allah 'yar asalin Somaliya, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Ta daɗe a kan tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, wanda suke kira Universal Credit. Zuwana ya yi daidai da samun aikinta a wani gidan kula da tsofaffi, can wani gefen birni, sai ta hau bas sannan ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kullum da asuba ina jin rufe ƙofarta. Sanin tsadar jirgin ya sa na tambayi ɗiyata: wadda jiya-jiya take jiran tallafi, ina ta samo kuɗin zuwa da dawowa?

"Ai an biya mata, Kawu," in ji ta. "Ofishin da ya taimaka mata neman aikin shi ya ɗauki nauyin motarta har albashi ya shigo."

Na ce ta maimaita mini. Tunda nake ban taɓa jin hukuma ta damu da yadda talaka zai isa wurin aiki ba.

Ofishin sunansa Jobcentre Plus, yana ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da fansho, yana da rassa a ko'ina cikin Birtaniya. Kowane mai neman aiki ana haɗa shi da jami'i guda mai bin lamarinsa. Tun 2011 aka ware wani asusu da jami'in ke da ikon taɓawa don kawar da 'yan ƙananan abubuwan da ke hana mutum kama aiki: kuɗin motar zuwa ganawa da mai ɗaukar aiki, tufafin aiki, kayan sana'a, kafin alƙalamin gidan renon yara, da kuɗin motar makonnin farko. Wanda ya yi wata uku yana nema bai samu ba, yana iya karɓar wani kati da ke rage masa rabin kuɗin jirgin ƙasa, a Landan har da na bas. In uwa ta fara aiki, ana iya mayar mata da kashi 85 cikin 100 na abin da ta biya mai reno, zuwa wata iyaka. Tallafin ma ba ya yankewa ranar da ta fara. Akwai wani adadi na albashinta da ba a dubawa saboda tana da yara, abin da ya ɗoru a kansa kuma, a kowane fam ɗaya ana zabtare kwabo 55 daga tallafin, har ya ƙare a hankali.

Hikimar a fili take. Albashi sai ƙarshen wata, kuɗin mota kuwa kowace safiya. Watan farko na aiki tamkar marka ne ga manomi: gero ya yi kyau a gona, rumbu babu ko tsaba. A nan ne mutane ke faɗuwa, musamman uwa, don ita kafin ta biya wa kanta mota sai ta bar wa yara abin kari, ta kuma san hannun wa za ta bar na goye. Mahukuntan can sun yi lissafi sun ga kuɗin motar wata ɗaya ya fi tallafin shekara guda araha nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka aljanna ce. Asusun ba haƙƙi ba ne, sai in jami'i ya ga dacewa, kuma da yawa ba su ma san da shi ba. Wanda ya ƙi zuwa ganawa ba da uzuri ba, ana yanke masa tallafi. 'Yan ƙasarmu da ke can da bizar karatu ko ta aiki, irin ɗiyata, ba su da rabo a ciki, duk da harajin da ake cira daga albashinsu kowane wata.

Da na dawo Sakkwato sai na fara ganin abin da a da nake wucewa. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000, 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep kuma dole suka bi. A ƙaddara mace tana Mabera ta samu koyarwa a Arkilla, ko shara a jami'a can Dundaye. Mu ce 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 22: Naira 22,000 ke nan, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wanda masu makarantun kuɗi da yawa ba sa ma biya. Tafiya ƙasa kuwa, a zafin Afrilu da ke wuce maki 40, da goyo, ba magana ba ce. Na san wata bazawara a dangina da ta samu aiki ta bari kafin wata ya cika, bashin ɗan kabu-kabu ya kore ta.

Ba a rasa taimako a garin nan. Gwamnatin tarayya ta raba Naira 5,000 duk wata a zamanin Buhari, ta zo da 25,000 a 2023. Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha tana koya wa zawarawa da marayu sana'a, tana ba su keken ɗinki da injin niƙa, Allah Ya saka. Sai dai duk muna tsayawa ne a kan ba da jari ko samo aiki, mu manta da hanyar da ke tsakanin gida da wurin aikin.

Ina roƙon Hukumar Zakka da attajiranmu su ware wakafi don wannan. Ba sai an miƙa tsaba ba: a yi yarjejeniya da ƙungiyar masu Keke Napep, a ba uwa tikitin wata ɗaya, ƙungiya ta karɓi kuɗinta a ofis. Kai kuma mai makaranta, ko asibiti, ko kanti, ranar da ka ɗauki uwa aiki ka tambaye ta daga wace unguwa take fitowa, ka ba ta kuɗin motar watan farko kafin ta fara.