Yadda Na Koya Wa Duna Zaman Keji

'Yan uwana mata, na san da yawa daga cikinku da an ce kare sai ku yamutsa fuska, ni ma a haka na taso. To amma a daminar 2021 ɓarayi suka haura mana katanga har sau biyu, Baba kuwa direban babbar mota ne, yakan yi sati uku a hanyar Legas bai kwana a gida ba. Daga ni sai Inna sai ƙannena uku, taɓarya a gefen gado muke kwana. Da ya dawo sai ga shi da ɗan kwikwiyo baƙi wuluk a cikin kwali, wata biyu da haihuwa, wai mai gadi ya kawo mana.

Inna ta yi tsalle ta dire ta ce ba dai a gidanta ba. Sai da Baba ya tuna mata cewa mai littafin Risala kansa, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare don tsaron gidansa a Ƙairawan, sannan ta sassauto, amma da sharaɗi. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, tunda na ga kina washe baki, ke za ki ji da shi. Ranar da ya sa baki a kwanona ko ya taka mini dardumar salla, ranar zai bar gidan nan." Kun ji fa, wuƙa da nama a hannuna.

Wani likitan dabbobi a layinmu shi ya ba ni shawarar keji. Ya ce a Amurka da Ingila har cikin falo suke ajiye shi, mu dai namu a ƙarƙashin darbejiya muka kafa shi, nesa da madafa. Dabarar kuwa ita ce, kare a ɗabi'arsa ba ya son ɓata wurin da yake kwana. Don haka aka ce wa mai walda ya yi shi daidai yadda Duna zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta, kar ya wuce haka. In ya yi faɗi da yawa, sai ya mayar da lungu guda makewayi ya kwana a ɗayan.

Ranar farko ban rufe shi ba. Na bar ƙofar a buɗe, na sa abincinsa a bakin kejin, gobe na tura shi ciki kaɗan, jibi can ƙurya. A rana ta huɗu na rufe yana cin abinci, yana gamawa na buɗe. Daga minti biyar muka koma goma, muka kai rabin awa. Abin da likitan ya ja mini kunne a kai shi ne kar in taɓa jefa shi ciki don horo, in ya ɗauki wurin a matsayin kurkuku to an gama.

Dare ne tashin hankali. Wayyo, kukan nan! Kamar jinjirin da aka yaye. Ina jin Inna tana tsaki daga ɗakinta, gabana na dukan uku-uku. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku, dole in tashi tsakar dare da tocila in kai shi bayan gida inda na ware masa, in tsaya har ya yi, in mayar da shi ba wasa ba hira. Haka in ya farka, haka in ya ci abinci. Ga makaranta da safe, har gyangyaɗi nake a aji, ƙawayena suna tsokanata wai na yi haihuwar fari. Na shimfiɗa masa tsohon zanena, kuma na koyi bambanta kukan matsuwa da na shagwaɓa. Na biyun ba na buɗewa sai ya yi shiru. A dare na tara ya kwana bai yi kuka ba.

Wani abu da nake so ku riƙe, masu sha'awa: sauran tuwo da miya da muke zuba wa karnuka, in da albasa a ciki tana lalata musu jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke su. Sannan keji ba wurin wuni ba ne. Na sha ganin gidajen da ake kulle kare a kejin kwano cikin zafin Afrilu ba ko ruwa, wai don ya yi faɗa. Wannan zalunci ne, ni dai ba na ganin sunansa tarbiyya.

Da ya cika wata uku muka kai shi aka yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma yara ta fi kamawa. Inna da kanta ta kwance bakin zaninta ta biya kuɗin, tana cewa don ƙannena ta yi, ba don wannan baƙin abin ba.

Yanzu da an kira sallar magariba, an fara shimfiɗa darduma, Duna zai shige kejinsa da kansa ya kwanta. Ƙarfe goma in an kulle ƙofar gida sai in buɗe masa ya kama aiki. Har yau Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma ƙanzon tukunyarta ba ta ba kowa sai shi.