Askarawan Zamfara: ina ikonsu ya tsaya?

Duk wanda ya san Mada da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu ya san abin da ya sa jama'a suka yi maraba da Askarawan Zamfara lokacin da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da su a Gusau a watan Janairun 2024. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa kariya yake nema, ko daga wa ta zo. A matsayina na ɗan jarida, tambayar da na fi damuwa da ita ita ce: idan askari ya kama mutum, da wane iko ya kama shi, kuma wa zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri?

A Amurka akwai jami'in da ake kira sherif, wanda a yawancin jihohi mutanen gunduma ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Mataimakansa 'yan gari ne kamar askarawanmu, sai dai sukan shafe watanni a makarantar horo suna koyon dokar kama mutum da ƙa'idar amfani da ƙarfi, sannan hukumar jiha ta ba su takardar shaida, wadda a galibin jihohi ana iya janye ta daga wanda ya ci amana.

Namu tsarin daban ne. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, don haka kaki da bindiga ba sa mai da askari ɗan sanda. Doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, bisa sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Sashe na 35 kuma ya wajabta gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Yanke hukunci aikin alƙali ne shi kaɗai.

Mun ga sakamakon rashin wannan iyaka a zamanin 'yan sa-kai, inda aka riƙa kashe mutane a kasuwanni bisa zargi kawai, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Shi ya sa nake ganin koyar da harbi bai isa horo ba. Ya kamata kowane askari ya san wanda zai iya kamawa da inda zai kai shi, a kuma samar da ofishin da talakan Mada zai kai ƙara ba tare da fargaba ba. Mutumin da ya tabbata ba za a zalunci ɗan'uwansa ba shi ne zai kawo rahoton inda ɓarayin daji suka kwana.