Dodon Kusugu da Dodon Kamfani

Akwai wata kalma da ta daɗe a bakin yaranmu, watau "bos". Asalinta daga 'yan kallon finafinan Indiya da na Sin ta fito, inda ake kiran babban mugun da jarumi zai kashe a ƙarshe da wannan suna. Yanzu kuwa ta koma shagunan gem. A garinmu Mai'adua, ranar Lahadi in kasuwa ta ci, yaron da ya samu 'yan kuɗinsa na dako ko na jan akuya ba ya zarcewa ko'ina sai shagon da ake jin ƙarar janareto. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa, amma akwai 'yan tsiraru, cikinsu har da ƙanena, waɗanda ba su da magana sai ta wani bos mai suna Nemesis.

Ga waɗanda ba su san shi ba, musamman malamanmu, bari in ɗan yi bayani. Wani kamfanin Japan mai suna Capcom ya fito da wasan tsoro da ake kira Resident Evil a 1996. A kashi na uku, wanda ya fito a 1999 aka kuma sabunta shi a 2020, nan Nemesis ya bayyana. Ƙato ne mai baƙar riga ta fata, ba shi da leɓe, haƙora duk a waje, an ɗinke masa ido ɗaya, yana saɓe da bindigar harba roka. Mai wasa shi ne wata 'yar sanda, Jill Valentine, wadda ke neman hanyar fita daga birnin Raccoon bayan wata cuta ta mai da mutanensa gawarwaki masu tafiya. Sauran gawarwakin in ka rufe ƙofa ka tsira. Shi kuwa Nemesis sai ya biyo ka. Ka harbe shi ya faɗi, ka yi gaba, can sai ka ji takunsa a bayanka. Duk faɗuwar da ya yi, ya tashi da wata kama wadda ta fi ta farko muni. Kalma ɗaya tak yake faɗi, sunan rundunar 'yan sandan da aka aiko shi ya ƙarar.

Wani dare a hutun da ya wuce ƙanena ya zauna yana kwatanta wa kakarmu wannan halitta, har da tashi tsaye yana gwada tafiyarsa. Ta saurare shi sarai, sa'an nan ta ce, "Kai maigidana, ai Dodo ke nan kake ta wahalar da bakinka. To, shi wannan Dodon naku me yake tsaro? Me aka ci masa?" Yaro ya yi shiru. Ni ma da nake taƙama ina karatun adabin baka a jami'a, tambayar ta tsaya mini a rai, don kuwa ita ce tambayar da ta kamata.

Ku duba namu dodon na ƙasar Daura. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya bin kowa gida. Yana kwance a wurinsa, yana da doka, kuma kowa ya san dokar: ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Da baƙo Bayajidda ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, abin da ta gaya masa ke nan. Ya karɓi guga ya tafi, maciji ya fito da kai, ya sare shi, ya tafi da kan. Gari ya waye, masu ƙarya suka yi ta cewa su ne suka kashe, sai da mai kai ya kawo kai gaban Sarauniya Daurama. Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na bakin iyaka, ya ga mata da jarkoki a bakin rijiya cikin watan bazara, ba ya bukatar malami ya fassara masa wannan labari. Ƙishirwa ce aka yi wa kai da wutsiya, aka ba ta suna, don a samu abin sarewa.

Haka nan Dodon tatsuniya, irin wanda Frank Edgar ya tattara labaransa tun daga 1911, da wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya sa a littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni. Yana zaune a kogi ko a ƙungurmin daji. Yana magana, yana ciniki. Mace ta zo ƙetare ruwa ta yi masa alkawarin 'yarta, ranar biya ta zo ya zo karɓa. Ya haɗiye mutane da shanu, wani ƙaramin yaro ya farke cikinsa kowa ya fito da rai. Mugu ne, amma mugun da ake iya zama da shi a yi magana, a kuma yi masa wayo. Kakarmu ta san abin da Dodonta yake so.

Nemesis fa? Ba shi da kogi, ba shi da ranar Juma'a, ba ya jin yunwa. Ba a haife shi ba, ƙera shi aka yi. A labarin wasan, wani kamfanin haɗa magunguna mai suna Umbrella ne ke yin makamai da ƙwayoyin cuta a ɓoye. Cutar da ta cinye birnin daga ɗakin gwajinsa ta kuɓuce, ɓeraye suka baza ta. Su 'yan sandan nan laifinsu ɗaya, sun ga abin da kamfanin ke yi. Don haka aka sauke Nemesis a birnin ya rufe bakin shaidu. Amsar tambayar kakarmu ke nan: asirin kamfani yake tsaro. Mutanen da suka ƙago shi ba ƙishirwa suke tsoro ba, suna tsoron mai farar riga wanda ya zo da magani a hannu alhali kuwa lissafin riba ne a zuciyarsa.

A nan ne na rabu da wasu 'yan'uwana na wannan ƙungiya, waɗanda in an ambaci gem sai su ce baƙon abu ne kawai mai lalata tarbiyya. Wasan baƙo ne, na yarda, kuma ban ga amfanin yaro ɗan shekara goma ya kwana yana kallon jini ba. Amma tsoron da ke cikinsa ba baƙo ba ne. A wannan shekara ta 1996 da Resident Evil ya fito, annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan, a kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfani ya ce an nemi yardarsu, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To, ina wannan tsoro ya tafi? Ba wanda ya yi masa kai da wutsiya. Bai shiga tatsuniya ba, sai ya shiga jita-jita, ita kuwa jita-jita ba ta bambance maciji da guga. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a koma ba sai 2004, kuma cikin hujjojin da mutane ke kawowa har da abin da ya faru a 1996. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan, sun zama samari, muna ganinsu a kan kekunan guragu.

Ku kuma duba ƙarshen labaran biyu. Bayajidda ya kashe maciji, rijiya ta zama ta kowa, har gobe Kusugu na nan cikin birnin Daura, baƙi na zuwa suna shan ruwanta. Jill kuwa ta kashe Nemesis da ƙyar, amma ba sarauniyar da za a kai wa kai. Gwamnati ta harbo makami ta shafe birnin gaba ɗaya, da dodon, da gawarwakin, da shaidar. Masu kamfanin ba sa ciki.

Tun daga wannan hutu nake bin tsofaffin matan unguwarmu da na ƙauyukan da ke kan hanyar Kongolam, ina ɗaukar tatsuniyoyin Dodo a waya saboda kundin digirina. Na samu Dodo mai tsoron karnuka, da Dodo mai auren budurwa, da Dodanniya mai dafa baƙi. Kowace na tambaye ta ko akwai Dodon da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa ya aika wa 'yan'uwansa. Wata ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba tatsuniya ba ce."